Babi na Tara: Lambobin da Firosesa Ke Bari Kafin Ta Tsaya

Firosesar da ke cikin kwamfuta aiki ɗaya take maimaitawa tun daga kunnawa har kashewa: ta ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa, ta gane shi, ta aiwatar, ta wuce na gaba. Tana yin haka sau biliyoyi a daƙiƙa guda ba tare da tambayar dalili ba. Amma akwai umarnin da ba ya aiwatuwa. An ce ta raba lamba da sifili. An ce ta karanto abin da ke wani adireshi, alhali babu komai a wurin. An miƙa mata wasu lambobi a matsayin umarni, ta duba ba ta san su ba. A irin wannan hali ba ta da damar tsallakewa ta yi shiru, domin duk lissafin da zai biyo baya ya ɓaci ke nan. Sai ta dakata, ta rubuta inda ta tsaya, ta kira kanel, wato cibiyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ko Linux ce ko Windows ko wata. Wannan dakatawa da kira shi ne tarko.

A firosesoshin Intel da AMD, waɗanda ake kira dangin x86, kanel yana tanadar wani jadawali mai gurbi 256 tun yana tashi, ya kuma nuna wa firosesa inda ya ajiye shi. Kowane gurbi yana ɗauke da adireshin ɗan shirin da zai karɓi wani irin kira. Gurabe 32 na farko Intel ta keɓe su: mai lamba 0 na rabawa da sifili ne, 6 na umarnin da ba a sani ba, 13 na keta dokar kariya, 14 na shafin ƙwaƙwalwar da ba a samu ba, 18 kuwa na ranar da na'urar da kanta ta gano tana da lahani. Kafin firosesa ta tsallaka zuwa ga mai karɓa, takan jera 'yan lambobi a sitak, wato wurin da shiri ke tara bayanan wucin gadi ɗaya bisa ɗaya. Cikinsu akwai adireshin umarnin da ta tsaya a kai, da matakin ikon da ake ciki, da inda tsohon sitak yake, wani lokaci kuma da lambar ƙarin bayani. Wayoyin hannu masu firosesar ARM ma haka suke yi da wasu sunaye: rajistar ESR ta faɗi dalili, FAR ta faɗi adireshin da aka nema, ELR ta faɗi inda aka tsaya. Rajista ƙaramar ma'ajiya ce a cikin firosesar kanta, mai riƙe lamba guda.

Kada mai karatu ya ɗauka duk tarko masifa ne. Mafi yawansu aikin yau da kullum ne. An yanyanka ƙwaƙwalwa shafi-shafi, kowane shafi galibi bayit 4096, kuma idan ka buɗe wata manhaja kanel ba ya loda ta gaba ɗaya. Yakan jira sai ta taɓa shafin da bai iso ba, tarko mai lamba 14 ya tashi, ya ɗauko shafin daga faifai, ya ce wa firosesa ta sake gwada umarnin. Wannan yana faruwa ba adadi kana zaune gaban kwamfutarka, ba ka ji ba ka gani ba. Ko da manhajar ce ta yi laifi ta nemi adireshin da ba nata ba, abin da sauƙi: tana mataki na 3 ne, mafi ƙarancin iko, kanel kuwa yana mataki na 0. Sai ya rufe ta, ya share wurinta, sauran aiki ya ci gaba.

Matsalar tana zuwa ne idan kanel da kansa ya faɗa, ko wani direba da ke aiki a cikinsa. Direba a nan shiri ne da ke magana da wani sashe na na'ura, kamar katin intanet ko faifai, kuma yana da iko daidai da na kanel. Babu wani na sama da za a kai wa ƙara. Linux takan buga rahoton da ake kira Oops, ta kashe aikin da ke gudana, ta gwada ci gaba. Idan abin ya auku a wurin da ba a iya janyewa, sai ta tsaya cik da saƙon Kernel panic. Windows ta shafe shekaru tana nuna shuɗin allo. Mutane suna jin haushin shuɗin allo, kuma ina fahimtarsu, amma ni ina ganin tsayawar ita ce daidai. Kanel ɗin da ya karanta adireshin banza ya riga ya nuna cewa wani abu a ƙwaƙwalwarsa ya gurɓata, kuma shi ne mai rubuta fayilolinka a faifai. Asarar aikin awa ɗaya ta fi sauƙi a kan faifan da aka cika da shara a ɓoye.

To, ga rahoto a gabanka. Daga ina za ka fara?

Lambobi uku ne ginshiƙi. Ta farko RIP, adireshin umarnin da ya kasa. Linux takan rubuta shi da sunan aikin da kuma tazara, misali suna sannan +0x1a/0x80, ma'ana bayit na 0x1a cikin aikin da tsawonsa 0x80 ne, duka a lissafin da ke ƙirga goma sha shida-goma sha shida. Da manhajar addr2line ko objdump, da kuma ainihin fayil ɗin kanel ɗin da ya faɗi, za ka mayar da wannan tazara zuwa layin da mutum ya rubuta. Na ce ainihin fayil ɗin da gangan, domin idan an sake haɗa kanel da ɗan canji, tazarar za ta nuna maka wani layi daban, ka shafe yini kana tuhumar marar laifi. Ta biyu CR2, rajistar da firosesa ke ajiye adireshin da aka yi ƙoƙarin taɓawa. Ta uku lambar bayani, wadda kowane bit nata amsa ce ga tambaya guda: na farko, shafin babu shi ne ko yana nan an hana taɓa shi, na biyu, karatu ne ko rubutu, na uku, kanel ne ko manhajar mai amfani, na biyar, ɗauko umarni ake yi ko a'a. Idan ka ga 0002, an yi yunƙurin rubutu ne daga cikin kanel a shafin da babu. Idan 0000 ne, karatu ne.

Siffar adireshin da ke CR2 ita ma tana magana. Idan ƙaramar lamba ce, kamar 8 ko 0x18, galibi manuni ne da ya kamata ya nuna wani tsarin bayanai amma aka bar shi sifili, sai shiri ya ƙara masa tazarar gurbin da yake nema. Kanel da gangan yake barin shafukan farko ba a haɗe da komai ba don a kama wannan kuskure, kuma tazarar takan gaya maka wane gurbi aka nema. Idan kuma ka ga 6b6b6b6b6b6b6b6b a wata rajista, to Linux ce ta zuba wannan lamba a wurin da aka riga aka mayar, in an kunna binciken ƙwaƙwalwa. Wani yana amfani da abin da ya saki. Lambar dead000000000100 kuwa ita ake sa wa abin da aka cire daga jeri. A nan akwai abin lura. Waɗannan lambobin guba ba su da siffar halastaccen adireshi a firosesa mai bit 64, saboda haka tarko na 13 suke tayarwa maimakon na 14, kuma tarko na 13 ba ya taɓa CR2. Abin da ka gani a CR2 a wannan rahoto ragowar wani tsohon tarko ne da aka daɗe da warwarewa. Masu koyo da yawa sun bi shi sun ɓata.

Duk wannan yana gaya maka inda aka faɗi ne kawai. Wanda ya faɗi a hanya, inda ya yi tuntuɓe ya kamata ya duba, kuma a kanel tazarar da ke tsakanin wuraren biyu tana iya kaiwa sa'o'i. Wani direba ya rubuta bayit takwas fiye da wurin da aka ba shi da safe, ya ɓata manunin maƙwabcinsa, sai da yamma wani sashe marar alaƙa da shi ya ɗauki manunin ya faɗi, sunansa ya fito a rahoto. Shi ya sa kayan aikin da suka fi amfani su ne masu matso da faɗuwar kusa da laifin. KASAN, wadda ta shiga Linux 4.0 a 2015, tana bin kowane karatu da rubutu, ta yi ƙara a daidai lokacin da aka ƙetare iyaka, ta kuma faɗi wanda ya karɓi wurin da wanda ya sake shi. A Windows akwai Driver Verifier tun zamanin Windows 2000, wadda ke iya ajiye abin da direba ya nema a bakin shafi, ta bar shafin da ke biye babu komai, ta yadda ƙetare iyakar zai tayar da tarko nan take. Suna rage gudun na'ura, shi ya sa a wurin gwaji ake kunna su.

Duniya ta ga wannan darasi a fili ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024. Da ƙarfe 4:09 na asuba agogon GMT, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya aika wa kwamfutocin abokan cinikinsa wani ƙaramin fayil na bayanai, mai lamba 291. Manhajarsa ta Falcon tana da direba mai suna csagent.sys da ke zaune cikin kanel ɗin Windows. Da aka fara aiki da sabon fayil ɗin, sai direban ya taɓa adireshin da babu, tarko na 14 ya tashi a mataki na 0, allo ya yi shuɗi. Kamfanin ya janye fayil ɗin da ƙarfe 5:27, minti 78 ke nan, amma Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 sun kamu. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kwamfutocin Windows ba, sai dai su ne na filayen jiragen sama da asibitoci da bankuna da gidajen talabijin. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 a kwanakin da suka biyo baya. Da yake direban yana cikin waɗanda ake lodawa tun Windows tana tashi, na'ura takan faɗi, ta sake tashi, ta sake faɗuwa. Sai da ma'aikata suka bi da yawa daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya, suna shiga ta yanayin Safe Mode suna goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, kuma inda aka kulle faifai da BitLocker sai an nemo mabuɗinsa tukun.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda aka karanta rahoton. Umarnin da ya kasa ɗan gajere ne: a ɗauko abin da ke adireshin da rajistar r8 ke riƙe da shi, a zuba a r9d. A wani rahoto da ya yaɗu sosai a ranar, adireshin 0x9c ne. Ƙaramar lamba ce, don haka nan da nan aka yanke hukunci cewa manuni ne da aka bari sifili, mai rubutun ya manta bai duba ba. Bayanin ya yi daidai da ƙa'idar da na kawo a sama, kuma ya bazu ko'ina. Tavis Ormandy, mai binciken tsaro a Google, ya duba umarnonin da ke gaban wanda ya kasa, ya nuna cewa ana gwada r8 ko sifili ce kafin a yi amfani da ita. Sannan rahotannin wasu kwamfutoci suna ɗauke da adireshi daban, manyan lambobi marasa kama da 0x9c. Manunin da aka bari sifili ba ya canzawa daga na'ura zuwa na'ura. Abin da ke canzawa haka shara ce da aka tsinta a wurin da ba a tanada ba.

Da CrowdStrike ya fitar da cikakken bincikensa ranar 6 ga Agusta, sai aka ga inda aka yi tuntuɓen. A watan Fabrairun shekarar an ƙara wa manhajar wani sabon tsarin sa ido da aka ayyana shi da gurabe 21, amma sashen da ke kawo masa bayanai 20 kawai yake kawowa. Watanni suka wuce lafiya, domin fayilolin da aka aika a baya sun bar gurbi na 21 a buɗe, kowace amsa ta yi, don haka ba a taɓa leƙa shi ba. Fayil ɗin 19 ga Yuli shi ne na farko da ya ce a duba abin da ke gurbi na 21. Direban ya miƙa hannu bayan ƙarshen jerin, ya ɗauko duk abin da ya tarar, ya ɗauke shi a matsayin adireshi. Firosesa ta faɗi gaskiya game da umarnin da adireshin, amma laifin ya girme wa rahoton da wata biyar. Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga nan hanya ce ta aiki: kada ka yanke hukunci da rahoto ɗaya in kana iya samun biyu, kuma ka karanta umarnonin da suka gabaci wanda ya kasa har ka ga inda rajistar ta samo lambarta.

Aƙalla a wannan karon akwai rahoto. Akwai faɗuwar da ba ta barin komai.

Ka tuna firosesa tana buƙatar sitak don ta jera lambobinta, tana kuma buƙatar jadawali don ta san wanda za ta kira. Idan sitak ɗin ne ya lalace fa? Sitak ɗin kanel ƙarami ne, kilobayit 16 a Linux mai bit 64, kuma aikin da ke kiran kansa ba iyaka zai cinye shi nan da nan. Sai tarko ya tashi, firosesa ta je rubuta bayaninsa a sitak ɗin da ya ƙare, wani tarkon ya sake tashi a kan na farko. Wannan shi ne tarko mai ninki biyu, gurbi mai lamba 8. Shi ya sa kanel mai hankali yake ware wa gurbi na 8 sitak nasa na daban wanda ba kowa ke taɓawa. A Windows yakan fito da sunan UNEXPECTED_KERNEL_MODE_TRAP tare da lamba 8. A Linux, kafin sigar 4.9 ta ƙarshen 2016, cikar sitak takan malala cikin ƙwaƙwalwar maƙwabta a ɓoye. Aikin Andy Lutomirski ne ya sa aka kewaye shi da shafukan da babu komai, domin malalar ta zama tarko mai suna da adireshi. Idan kuwa kiran gurbi na 8 ma ya kasa, an kai ninki uku. Firosesa ba ta da sauran wanda za ta kira. Takan rufe kanta, allon uwa kuma ya sake kunna na'urar. Babu saƙo, babu lamba, sai dai ka ga tambarin kamfani ya dawo.

Har amfani an yi da wannan. Firosesar 80286 ta 1982 ba ta da umarnin komawa tsohon yanayin aiki bayan an shiga yanayin kariya, sai an sake kunna ta, kuma masu rubuta manhaja suka gano cewa jefa ta cikin ninki uku da gangan ya fi sauri a kan bi ta na'urar allon rubutu. Linux ma tana da wannan cikin hanyoyinta na sake kunna kwamfuta: ta ba firosesa jadawali marar gurbi ko ɗaya, sannan ta tayar da tarko.

Duk ɗalibin da ya zauna rubuta ƙaramin kanel nasa zai sha wannan sake kunnawa, kuma shawarata gare shi ita ce kada ya fara a kan na'urar gaske. QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta da Fabrice Bellard ya fara a 2003, tana ganin abin da firosesar gaske ke haɗiyewa. Ka ba ta -no-reboot don ta tsaya maimakon ta sake tashi, ka ba ta -d int don ta rubuta kowane tarko da rajistocinsa. Sai ka gangara ƙarshen rubutun ka hauro sama: za ka ga na 8, a samansa wataƙila na 13 ko na 14, a saman wannan kuma na asali. Na asalin kake nema. Sauran sakamako ne. Da -s da -S kuma za ta jira ka haɗa manhajar bin sawu ta GDB ta tashar 1234, ka bi kanel umarni bayan umarni. Kafin komai, ka koya wa kanel ɗinka rubutu ta tsohuwar tashar siriyal da ke 0x3F8, domin ita ba ta buƙatar komai ya yi daidai kafin ta yi aiki, kuma ka sa wa duk gurabe 32 mai karɓa, ko da abin da zai yi bai wuce buga lamba da RIP ya tsaya ba.

Akwai kurakurai uku da kusan kowa ke yi a wannan mataki, kuma ina son na farkon domin yana nuna cewa lambar tarkon ma tana iya ruɗar mutum. Lokacin da IBM ta ƙera kwamfutarta ta PC a 1981, ta ɗora kiran na'urori kamar agogo da allon rubutu a gurabe 8 zuwa 15, cikin yankin da Intel ta ce a bar mata. Gadon yana nan. Ɗalibi zai buɗe ƙofar kiran na'urori, nan take ya ga gurbi na 8 ya tashi, hankalinsa ya tashi yana neman ninki biyu, alhali agogo ne kawai ya buga. Ana gane shi da cewa ninki biyu na gaske yana zuwa da lambar bayani, bugun agogo kuwa ba ya zuwa da ita. Magani shi ne a mayar da kiran na'urori zuwa gurbi na 32 da abin da ya yi sama. Na biyu ya fito daga wannan lambar bayanin: wasu tarkuna suna sa ta a sitak, wasu ba sa sawa, kuma mai karɓar da ya manta bai cire ta ba kafin ya koma zai ɗauke ta a matsayin adireshin komawa. Na uku ya fi ɓuya. Ƙa'idar haɗa shiri a Linux mai bit 64 ta yarda aiki ya ajiye kaya a bayit 128 da ke ƙarƙashin bakin sitak, amma a cikin kanel nan ne daidai inda firosesa ke zuba lambobinta idan kira ya shigo. Wanda bai ba manhajar haɗa shiri ta GCC umarnin -mno-red-zone ba zai ga lambobinsa suna canzawa jefi-jefi ba dalili, sau ɗaya cikin dubbai.

Manya ma ba su tsira ba. A watan Mayun 2018 Nick Peterson da Nemanja Mulasmajic suka bayyana wani ramin tsaro da aka yi wa rajista da lamba CVE-2018-8897. Umarnin MOV SS da POP SS suna sa firosesa ta jinkirta tarkon bin sawu, mai lamba 1, har sai umarni na gaba ya kammala. Idan umarni na gaban shi ne na shiga kanel, tarkon zai sauka ne a bakin ƙofa, kanel bai gama kintsawa ba, mai karɓa kuma ya ɗauka komai yana wurinsa. Halin yana rubuce a littafin Intel, amma masu Windows da macOS da FreeBSD da Linux da Xen duk ba su hango abin da zai haifar ba. A Windows an nuna cewa ƙaramar manhaja tana iya samun ikon kanel ta nan. A Linux abin ya tsaya ga faɗar da na'ura.

Sau nawa laifin yake zama na firosesar kanta? Da wuya ƙwarai, kuma wanda ya fara da zargin ta kafin ya binciki rubutunsa zai ɓata lokacinsa. Amma ya taɓa faruwa. A watan Nuwamban 1997 aka gano cewa bayit huɗu, F0 0F C7 C8, suna daskarar da firosesar Pentium, ko da daga manhaja mafi ƙarancin iko suka fito. Umarnin haramtacce ne, kuma abin da ya kamata shi ne tarko na 6 ya tashi, kanel ya rufe manhajar. To amma bayit na farko, F0, yana nufin a kulle hanyar ƙwaƙwalwa har a gama karatu da rubutu. Da firosesa ta je karanto gurbi na 6 daga jadawali, sai ta yi karatun a kulle, ta zauna jiran rubutun da ba zai taɓa zuwa ba. Ba rahoto, ba sake kunnawa, sai an danna maɓallin na'urar da hannu. Ga kamfanin da ke ba ɗaruruwan mutane damar shiga kwamfuta ɗaya, kowane ɗayansu yana iya tsayar da kowa.

Ba a iya kwaso miliyoyin firosesoshi a gyara, don haka a kanel aka nemi magani, kuma maganin yana cikin dabarun da suka fi burge ni a wannan fanni. Linux ta nuna wa firosesa jadawalin ta wani shafi da aka hana rubutu a kansa. Karatun yau da kullum yana wucewa lafiya. Karatu a kulle kuwa firosesa tana lissafa shi da rubutu, don haka kafin ta kai ga daskarewa sai tarko na 14 ya tashi, kullen ya warware. Mai karɓar tarkon shafi sai ya ɗauki adireshin da ke CR2, ya debe adireshin farkon jadawali, ya raba da takwas, tunda kowane gurbi bayit takwas ne a firosesa mai bit 32. Idan amsar 6 ce, ya san abin da ya faru, sai ya miƙa maganar ga mai karɓar umarnin da ba a sani ba, a rufe manhajar kamar yadda ya kamata tun farko. Pentium Pro da Pentium II ba su da wannan lahani, amma fiye da shekara ashirin bayan haka ɗan aikin da ke wannan lissafi, mai suna is_f00f_bug, yana nan a fayil ɗin fault.c na Linux, saboda tsofaffin na'urorin da ba a daina kunnawa ba.